Sati Bakwai a Teburin Mai Dalma

Yayana bai taɓa buga gem ba a rayuwarsa, amma duk unguwarmu babu fad ɗin da bai bi ta hannunsa ba. Fad shi ne abin nan da masu gem ke riƙewa da hannu biyu, mai maɓallai da 'yan sanduna biyu da ake juyawa da babban yatsa. Sanda ta fara ja gefe ɗaya, ko maɓalli ya maƙale, sai ka ji an ce a kai wa Mai Dalma. Sunan ya bi shi tun yana koyon gyaran rediyo, saboda ƙaurin dalmar da ba ya barin rigarsa ko an wanke ta sau uku.

Shagonsa ɗan ɗaki ne a ƙarƙashin matakalar bene, tsakanin mai aski da gidan gem. Teburi ɗaya, fitila mai lanƙwasasshen wuya, da gwangwanayen madara guda goma sha, kowanne da irin notin da ke cikinsa. Ya yi rediyo har mutane suka daina kawowa, ya koma bidiyo, bidiyo ta wuce ya koma waya, daga baya da ido ya fara gajiya da ƙananan kayan waya sai ya tsaya a kan fad da tsofaffin laftof. Sana'a ta yi ta canza masa riga, amma hali zanen dutse. Yaya ba ya sakin aiki sai ya rufe shi ruf, ya goge, ya gwada, ya sake gwadawa. Na taɓa ganin wani dattijo ya yi sawu huɗu a kan rediyon da tuni take magana rau, don kawai noti ɗaya na murfin baya ya ɓata kuma Yaya bai samu mai kan da ya dace da sauran ba. Dattijon ya ce a ɗaure masa da roba ya tafi. Yaya ya dube shi kamar ya zagi mahaifinsa.

"Aikina ba ya fita da hanji a waje," in ji shi.

Mutane suna yaba masa a kan wannan, ni ma na yi shekaru ina alfahari da shi. Yanzu in na ji wani yana yabon, tashi nake yi in bar wurin.

Matarsa, wadda nake kira Anti, shekara goma sha takwas ta yi tana buga wa mutane takardu a wani shago kusa da kotu. Mace ce mai baki. Tun ranar da aka kawo ta gidan ta sa min suna Tela, saboda ɗinki nake yi, wai kuma har maganar mutane ina yankawa in haɗa. Mijinta kuwa Injiniya take ce masa, da wata irin murya da ba ka sanin yabo ne ko tsokana. 'Yarsu ɗaya, tana aure a gari mai nisa.

Idan babu masu kawo aiki, Anti gem take yi a kwamfutar shagon. Ba irin na ƙwallo ko faɗa ba. Gari ake ginawa a cikinsa: ka ja maus, kibiyar nan ta kan allo ta tafi inda kake so, ka danna ka haƙa rijiya, ka danna ka kafa kasuwa, ka yanka titi. Shekara goma sha ɗaya tana gina gari ɗaya. Duk lokacin da aka canza kwamfutar shagon sai ta tasa Yaya a gaba ya kwashe mata garin ya mai da cikin sabuwar. Wata rana muna cin abinci ta ce gobara ta cinye unguwar masaƙa kaf, mahaifiyarmu ta ajiye cokali tana salati tana tambayar ko an rasa rai, sai da Anti ta kusa ƙwarewa don dariya.

Ciwon da ya kama Anti daga kafaɗa ya fara. Kofi ya suɓuce mata, sannan ɗaura ɗankwali ya gagara, sannan ƙafa. Likita ya ce ciwon jijiya ne, irin wanda ke gaba ba ya baya, kuma ya faɗa mana a tsaye ba tare da kwana-kwana ba. Cikin shekara ɗaya da rabi Anti ta koma gado. Abin da ya rage mata baki ne, da ido, da ɗan motsin yatsu, kuma a cikin yatsun babban yatsan dama ne kaɗai mai sauran ƙarfi. Na ɗauko keken ɗinkina na kawo falonsu, ina zuwa da hantsi in zauna da ita har Yaya ya rufe shago da yamma. Ni nake juya ta, ni nake ba ta ruwa, ni nake sosa mata hanci in ya yi ƙaiƙayi.

Masu shagon da take aiki sun yi mata kara, suka aiko mata da tsohuwar kwamfutar da garin ke ciki. Muka ɗora allon a kan kujera a ƙarshen gado. Amma maus sai da dantse ake tura shi, dantse kuwa ya riga ya tafi. Muka gwada laftof a ƙirjinta don ta shafa ɗan faifan nan da ke ƙasan maɓallai, wanda ake jan kibiya da yatsa. Nauyinsa ya danne mata numfashi, ga zafi, kuma hannun ba ya iya hawa samansa. Yaya ya kawo fad ya haɗa yadda sandar za ta ja kibiyar. Fad ɗin ya zauna daidai a tafinta a kan ciki, abin gwanin daɗi, amma sandar tana da tauri, in ta samu ta tura ta sai kibiyar ta zarce ta wuce abin da take nema, in ta dawo ta sake zarcewa. Ta yi kusan rabin awa tana neman danna rijiya ɗaya. A ranar na fara ganin hawayenta tunda ciwon ya kama ta.

Washegari na biya ta shago na tarar da Yaya da mai gidan gem suna musu. Yaya yana cewa da masu ƙera fad sun san abin da suke yi, da sun sa faifan shafawa irin na laftof a daidai inda babban yatsa ke kwanciya, tunda akwai gem da yawa da sai da maus ake yin su. Mai gidan gem ya ce wa zai saya? Masu zuwa wurinsa ƙwallo suke bugawa, sanda suke so, kuma ai akwai fad masu ɗan faifai a tsakiya, babu mai ko taɓa shi.

"A tsakiya," in ji Yaya. "Sai ka miƙa yatsa ka kai. Wanda ya sa shi a can bai taɓa kwanciya a gado ba."

"To mai son maus ya zauna a teburi mana."

"In ba zai iya zama ba fa?"

Mai gidan gem ya tuna da wa ake magana, ya kama sosa ƙeya ya koma shagonsa. Yaya kuwa ya tsaya yana kallon tarin matattun laftof da ke ƙarƙashin teburinsa. Akwai wata 'yar mitsitsiya tsohuwa a ciki, faifanta bai fi kwalin ashana ba.

Kwana biyu ya yi a kai. Ranar Talata bayan azahar ya shigo gida, abin da bai saba ba, da wani abu a leda. Ya cire sandar dama ta wani mataccen fad, ya fafe wurin, ya ɗora ɗan faifan a kai ya naɗe da baƙin tef. Wayoyi ja da rawaya duk a waje, wani ɗan allo kore na kayan lantarki yana reto a gefe. Ni da na gan shi na ce ko mota ce ta taka shi. Ya ɗora mata a ciki, ya jera yatsunta a jikinsa, babban yatsan ya kwanta a kan faifan kamar don shi aka auna.

Ta ɗan ja yatsan, kibiya ta bi. Ta tsaya, kibiya ta tsaya. Ta ɗan buga faifan, rijiyar ta buɗe.

Daga nan har la'asar ba ta kula mu ba. Ta gyara gadar da ta karye, ta kori wani mai karɓar haraji, tana yi tana faɗa da mutanen garin wai wata goma sha tara ba ta nan sun mai da mata gari juji. Na kawo ruwa ta ce in kauce ina tare mata kasuwa. Da ta gaji ta lumshe ido ta ce, "Tela, kin san wanka yi min ake yi, abinci ba ni ake yi, har juyi sai an juya ni. Yau ni na yi abu da kaina."

Sai Yaya ya miƙa hannu ya zare fad ɗin.

"Ina za ka kai min?"

"Gwaji ne wannan. Bari in je in rufe shi yadda ya kamata, in mai da wayoyin ciki. Kwana biyu."

"Bar shi haka, Injiniya. Yana yi."

"Dubi wayoyi a waje. In ɗaya ta tsinke fa?"

"In ta tsinke ka liƙa. Ba kai ne Mai Dalma ba?"

Na sa baki na ce, "Yaya, ka bar mata, ka nemi wani ka yi na kwalliyar da shi." Ya ce ni ɗinki na sani, in tsaya a kan ɗinki. Ya mai da shi leda ya fita. Anti ta bi ledar da ido har ƙofa.

Kwana na uku shiru. Na tafi shagon da niyyar in yi masa tas, na tarar da shi ya haɗa kai da gwiwa, fitila a kunne da rana tsaka. Ashe faifan ya ɗan fi ramin faɗi da kaurin farce, in aka rufe sai gefe ɗaya ya ɗan ɗago. Maimakon ya ƙara fafe robar, wadda ya ce za ta yi muni, sai ya sa magagari ya ci gefen faifan. Ya ci har ya taɓa siraran layukan da ke ciki. Faifan ya mutu murus. Garin neman gira an rasa ido.

"Kada ki faɗa mata," ya ce. "Zan samo wani. Gobe ma zan samo."

Bai samu gobe ba, bai samu jibi ba. Irin wannan ƙaramin faifan sai a tsofaffin laftof da aka daina yi. Na sababbi sun yi girma, kuma ba sa jituwa da ɗan allon da ya haɗa. Ya rufe shago ya shiga gari. Babu mai gyaran da bai je wurinsa ba, har waɗanda suka yi shekaru ba sa ga maciji da juna. Ya bi masu sayen tsofaffin kaya har filin da suke zubewa, yana tona tarin ƙarafa da hannu, ya dawo yatsu duk yanka. Ya samo uku, biyu ruwa ya cinye su, ɗaya kuma kibiyar sai rawa take ita kaɗai. Mutumin da ba ya roƙon kowa ko allura, na gan shi a ƙofar wani yana cewa don girman Allah a buɗe masa sito ya duba.

Ni kuma kullum da ƙaryar da zan shiga da ita. Yau gam bai bushe ba, gobe ana jiran noti, jibi an ɗauke wuta. Anti ba yarinya ba ce. Tana saurara ta ce to. Abin da ta koma yi shi ne shafa bargo da babban yatsan, gaba da baya, wai kada ya manta hanya. Bargon mai ratsi-ratsi ne, kuma ni tela ce, idona ba ya ganin abu bai auna ba. Satin farko yatsan yana ƙetare ratsi uku. A sati na uku biyu yake ƙetarewa, da ƙyar. Ina zaune a bakin keke ina taka shi da ƙarfi don kada ta ji ina jan hanci. Tsoro nake ji.

A sati na biyar wani mai gyara daga can ƙarshen gari ya aiko masa da faifai mai rai. Da labarin ya iso ni, ko mayafi ban tsaya gyarawa ba na tafi shago. Na tarar ya riga ya gwada, yana aiki. Na ɗauki baƙin tef daga kan teburi na ajiye a gabansa.

"Naɗe shi mu tafi yanzu."

"Kwana uku. Na samo sabuwar roba, wannan karon ramin zan gyara ba faifan ba."

"Yaya, ratsi ɗaya ya rage."

"Wane ratsi?"

Na faɗa masa komai. Na ce yatsan yana tafiya, ba zai jira fenti ya bushe ba. Na ce da babu gara ba daɗi. Na ce shi fa ba ya ganin komai, don sai ta yi barcin yamma yake shigowa, ya tsaya a bakin ƙofa ya tambaye ni jiki kamar baƙo. Na faɗi maganganun da ƙanwa ba ta faɗa wa yayanta, har mai aski ya leƙo da almakashi a hannu.

Yaya bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Shekara ashirin da shida ban taɓa ba ta wani abin kirki da hannuna ba. Na mutane nake gyarawa. Wannan ne na ƙarshe da zan yi mata, kuma so kike in ba ta tarkace a naɗe da tef?"

"Tarkacen ta roƙe ka."

Ya juya min baya ya kunna fitila. A lokacin na gane abin da ke damunsa, kuma ganewar ba ta rage min haushi ba. A teburin nan duk abin da aka kawo masa yana da gyara. A ɗakin can kuwa babu. Muddin fad ɗin bai gama ba, yana da dalilin zama a inda ya iya. Na yi tunanin in fizge faifan in gudu, wallahi na yi, amma ban san wace waya ke shiga ina ba.

Kwana ukun suka zama goma sha biyu. Ya goge robar, ya fesa mata fenti, fentin ya yi ƙuraje ya kankare ya sake. Ya sa wa bayan fad ɗin laushin soso don kada ya dame ta a ciki. A cikin kwanakin nan Anti ta daina shafa bargo a gabana. Ta ce in riƙa rufe mata hannun, sanyi take ji. Na rufe. Ko da nake goge mata jiki ban ce ta motsa in gani ba. Na ji tsoron tambaya.

Ranar da ya kawo shi da safe ne, ya yi wanka ya sa riga mai guga. A cikin kwali ya kawo, an shimfiɗa ƙyalle. Gaskiya ɗaya ce, ban taɓa ganin aiki mai kyan wannan ba. Baƙi sumul, faifan ya zauna a wurinsa ko farce ba zai shiga tsakani ba, waya ɗaya tak ta fito ta baya. Wanda bai sani ba zai rantse daga kamfani ya fito.

Ya kunna kwamfuta, garin ya bayyana. Ya yaye bargon, ya ɗora mata fad ɗin, ya jera yatsun ɗaya bayan ɗaya, ya kwantar da babban a kan faifan. Ya ja da baya yana murmushi.

Kibiyar tana tsakiyar allo, ba ta motsa ba.

Ya duba wayar, ya zare ya mayar. Ya sa nasa yatsan ya shafa, kibiya ta ruga har kusurwa ta dawo. Ya sake kwantar da nata.

"Ja mana," ya ce. "Kaɗan kawai. Ba ya son ƙarfi."

Ina ganin jijiyar wuyanta ta tashi, goshinta ya tsatso gumi. Yatsan yana kwance inda ya ajiye shi. Sai ya kama shi da yatsunsa biyu ya ja mata a kan faifan, kibiyar ta bi, ya ce, "Kin gani? Yana yi, kin gani?"

"Sake min hannu, Injiniya. Wannan kai ne kake yi."

Ya saki.

"Yau kwana biyar da ya tsaya," ta ce. "Ban faɗa wa Tela ba, don na san za ta je ta yi maka rashin kunya a gaban mutane." Ta sauke ido ta daɗe tana kallon abin da ke kan cikinta. "Ya yi kyau. Wallahi ya yi kyau, ko a kanti ban ga irinsa ba." Ta ɗan huta, don yanzu magana mai tsawo tana cin numfashinta. "Da ka bar min wancan, da na samu ko wata ɗaya."

Ba da faɗa ta faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya fi sauƙi. Na jira in ji ya ba ta haƙuri, ko ya yi kuka, ko ya fita. Sai ya ɗauki fad ɗin ya zauna a ƙasa a gefen gadon, ya laluba aljihun rigarsa ya zaro ƙaramin sukundireba. Ya kifa fad ɗin a cinyarsa ya fara kwance notin baya.

"Wataƙila bai cika jin taɓi ba ne," ya ce, ba tare da ya ɗago ba. "Akwai yadda ake ƙara masa. Bari in duba."

"Yaya," na ce.

"Ƙyale shi, Tela," in ji Anti. "Ai ga shi a ɗakin."

Sukundireban yana ta zamewa daga kan notin. Ya kwance na farko ya riƙe a tafinsa, ya koma kan na biyu, mu kuma muna kallonsa.